Hular Kwano a Ƙarƙashin Rawani

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da lambar wayar matata, amma ranar ɗaurin auren ƙanena Umaru ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwarmu ta Barade ba za su bari ba.

Bari in fara da abin da ake zagina a kai. Ni ma'aikacin gwamnati ne, da mata da 'ya'ya biyu, da gemun da furfura ta fara leƙowa a ciki, kuma ina ƙera kayan fim da tarkace. E, haka ne, daidai kuka karanta. Tun ina saurayi na kalli wani fim na mayaƙan sararin samaniya, na ga wata hula ruwan azurfa mai bututu biyu a gefe da jajayen fitilu a goshi, in mai ita ya yi magana sai murya ta fito kamar daga cikin rijiya. Hular nan ta zauna mini a rai shekara da shekaru. Wasu ƙwallo suke kallo har su yi faɗa da maƙwabta a kan mutanen da ba su san da zamansu a duniya ba, kuma ba wanda ya ce musu mahaukata. Ni da nake zaune a gidana da almakashi da gam, ni ne abin nunawa da baki.

Duk Asabar ina wajen 'yan gwangwan a gefen Kasuwar Jalingo, ina tonon abin da mutane suka zubar. A can na samu tsohuwar hular kwano ta mai babur, da tiyon injin wanki, da ragar fanka, da ƙwayayen tocila. Babban abin da na tsinta shi ne lasifikar talla, irin wadda masu tura baro suke ɗaurawa tana ta maimaita magana ɗaya daga safe har yamma. Na ciro kayan cikinta na dasa a hular, na sa maɓallin a daidai haɓa, yadda da na taɓa fitilu za su kama, murya ta fito. Niyyata bayan biki in zauna in ɗauki muryata a ciki. (Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa mai lasifikar na farko ya riga ni ɗaukar tasa.)

To, ga inda matsalar take. Waliyyin amarya baffanta ne, Malam Bobboi, tsohon hedimasta da ke Nukkai, mutumin da ɗalibansa har sun yi jikoki amma in sun hango shi suna gyara wuyan riga. Ya taɓa ganina a wajen 'yan gwangwan da ragar fanka a hammata, ya amsa gaisuwata ba tare da ya ɗauke ido daga ragar ba. Da muka je neman aure, abin da ya ce shi ne, "Yaron na yarda da shi. Babbansa nake so in gani." Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba. Sharaɗinsa ɗaya ne: in zo da kaina in karɓi auren. In aka turo wani, ba zai bayar ba.

Ranar da safe na yi wanka, na sa babbar riga fara ƙal, na fesa turare, na ga akwai sauran lokaci. Mai hankali zama zai yi ya sha shayi. Ni kuwa na leƙa ɗakin tarkacena, na ga hular tana ƙyalli, fenti ya bushe, saura soson ciki kawai. Na ce ai aikin minti kaɗan ne. Na zuba batir, na shafa gam ɗin nan mai kama ƙarfe ba tare da rowa ba, na manna soson, sannan na ce bari in gwada in ga yadda za ta hau da babbar riga. Na tsaya gaban madubi. Wallahi ta yi kyau, kuma har gobe ba zan janye wannan magana ba. Na danna maɓallin haɓa, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na ce to, lasifikar ta mutu, sai a duba bayan biki. Na kama hular zan cire, sai na ji gemuna yana biye da ita.

Matata Adama ta shigo ta tarar da ni ina zagaya ɗaki, hannu biyu a ka.

"Abban Nana, me ka yi?"

"Ba abin da na yi. Kawo man gyaɗa."

Ta kawo man gyaɗa, ta kawo kananzir, ta kawo ruwan ɗumi. Gam ya kama gemu, ya kama gashin gefen kunne, ya kama na ƙeya, almakashi kuma ba inda zai shiga. Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Adama ta riƙe mini ita a saitin ragar fankar da na dasa a gefen kunnen hular, na ji muryar Umaru.

"Hamma, kana ina? Liman ya zauna. Bappa Bobboi ya tambaye ka sau biyu."

Adama ta kashe wayar ta ce, "Ka kira ka ce zazzaɓi ya kayar da kai. In ka fita a haka, ni ba zan ƙara zuwa kasuwa ba."

Na ce ba zan kira ba. Umaru ya daɗe yana jiran yarinyar nan, kuma na san Malam Bobboi, in ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida ba mai sake fito da shi. Na ɗaga gilashin hular sama, fuskata ta bayyana, na sa Adama ta ɗauko rawanin marigayi Baba daga akwati. Muka yi ta naɗi, muka rufe bututu, muka rufe raga, muka rufe fitilu. Da muka gama, kaina ya kai girman tukunyar biki.

Mai keke-napep ɗin da na tsayar ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, kan naka ba zai shiga ba fa. Sai ka kwantar da shi gefe." Haka na je Nukkai, wuya a karkace.

Abin mamaki, da na sauka sai jama'a suka dare. Wasu har da rusunawa. Aka ja ni zuwa dardumar gaba, wani dattijo ya matsa ya ba ni wuri yana "Barka da isowa, ranka ya daɗe." (Zan faɗi gaskiya, na ji daɗin wannan ɓangaren. Har ɗaga hannu na yi.) Umaru, da ke can baya cikin abokansa, ya saki baki yana kallona. Malam Bobboi ya dubi rawanin ya daɗe, sannan ya ce, "Yaushe aka naɗa ka?"

Na ce, "Sanyi nake ji, Bappa."

A Jalingo, da hantsi, gumi yana ɗiga daga hancina.

Liman ya yi gyaran murya ya ce a buɗe taro da addu'a. Kowa ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Na fara samun natsuwa, ina lissafin cewa kalmomi kaɗan ne zan furta in gudu gida. Liman ya ce Fatiha, aka karanta, aka shafa. Ni ma na shafa, yadda na saba tun ina yaro, daga goshi har zuwa haɓa.

Na ji ƙit.

"Maganin ɓera! Maganin kyankyaso! Maganin kuɗin cizo! Saya yau ka kwana lafiya! In ya ci bai mutu ba, dawo ka same ni!"

Ashe jijjigar da muka yi wa hular da safe ta haɗa wayar da ta saki. Da farko ba wanda ya gane daga ina. Jama'a suka waiwaya titi, wani ma ya miƙe yana faɗa, "Wane mara mutunci ne yake talla a wurin ɗaurin aure? Ku kore shi!" Sai muryar ta zagayo ta sake farawa, sai kuma jajayen fitilu suka fara ƙiftawa ta cikin farin rawani. Dattijon da ya ba ni wuri ya ja da baya da gindi yana salati. Na danna haɓa don in kashe, ƙarar ta ƙaru. Na sake dannawa, ta ƙara ƙaruwa. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, har yatsun ƙafata sai da suka ji ta.

Samari a baya sun faɗi kan juna don dariya. Liman, Allah ya saka masa, ya daure ya ce, "Malam, shaidu ba za su ji sigar ɗaurin aure cikin wannan ba." Wani ya raɗa mini ta gefen rawani cewa in tashi in fita, a samu wani ya tsaya. Na duba sai na ga Malam Bobboi ya miƙa hannu yana lalubar sandarsa. Na hango Umaru ya sunkuyar da kai, ba ya cikin masu dariya.

Nan zuciyata ta tashi. Na ce a raina, kunyar ai an riga an sha, ba sauran abin ɓoyewa. Na kama bakin rawanin na warware shi gaba ɗaya, na naɗe a cinya. Hular ta fito fili, azurfa tana walƙiya, bututu biyu a miƙe, mai maganin ɓera yana ta alƙawari. Na cusa yatsu ƙarƙashin haɓa, na damƙi maɓallin da wayoyinsa da sosonsa, na ce bismillah, na fizge. Aikin watanni ya taho a hannuna, tare da rabin gemuna. Hawaye ya zubo ba da izinina ba. Amma wuri ya yi shiru.

Na dubi tsohon ta ƙarƙashin gilashi na ce, "Bappa, ni ne babban gidanmu. Hular nan ni na ƙera ta, kuma ba na jin kunyarta. Ta maƙale mini da safe, aka ce in zauna a gida in ce ba ni da lafiya, na ƙi, don ka ce in zo da kaina. To ga ni. Ina nema wa ƙanena Umaru auren 'yarka Maryam."

Ya dubi hular, ya dubi gemun da ke tafin hannuna. Sai na ga ya ajiye sandar, ya ja hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna motsi. Tsofaffin ɗalibansa da ke wurin sun rantse mini daga baya cewa ba su taɓa ganin haka ba. Da ya sauke hannun, fuskarsa ta koma yadda take, idanun ne kawai suka yi ja.

"Na ba shi," in ji shi.

"Na karɓa masa," na ce, da ƙarfin da har na bakin titi suka shaida.

Aka ambaci sadaki, aka shaida, liman ya yi doguwar addu'a. Da ya zo ƙarshe sai ya ɗan dakata ya ce, "Fatiha. Wakilin ango, kai ba sai ka shafa ba."

Mai aski ne ya raba ni da hular, da reza da haƙuri, na je walima ba gashi ba gemu. Har yau a ofis in na shigo sai wani ya tambaye ni ko akwai na kyankyaso. Ina amsa musu cewa ya ƙare, su dawo gobe. Adama ta koma zuwa kasuwa bayan sati biyu. Hular kuma na gyara ta, tana kan kabad a falo inda duk baƙo zai gani, wanda bai so ba ya kalli bango.

Bayan biki da kamar wata guda, Umaru ya zo da wani abu a leda ya ce daga Bappa. Tsohuwar rediyo ce, eriya a karye, da saƙo cewa a ba mai hula, ko zai samu abin cirewa a ciki. Na karɓa da hannu biyu. Amma kafin in kusance ta da gam, na zuba mata batir, na kai ta bayan gida inda ba kowa, na zauna nesa kaɗan na saurari duk abin da take da shi na faɗa. Abin da na koya ke nan: kayan bola ba ya zuwa da bakinsa a rufe, kuma in za ka ɗora abu a kanka, ka fara jin me tsohon mai shi ya bari a ciki.