Ranar da Salansata Ta Watsa Ɗaurin Aure

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da na sa wa mashin ɗina sabuwar salansa. Tsohuwar lafiyarta ƙalau, ni ne dai na ga ba ta da murya. Na je wajen wani bakanike a Ƙaura na ce mai gurnani nake so. Ya ɗauko guda biyu, na zaɓi mai ƙaton baki. Ya dube ni ya ce, "Ka dai san ƙasar da kake, ko?" Na ce ya ɗaura kawai (lokacin ji nake ni wani ne).

Washegari na tafi ɗaurin auren ƙanwar abokina a wani ƙauye bayan Dauran. Da hantsi na hango taro a ƙofar masallaci, na murɗa totur don a san na iso, na sake shi. Sai salansar ta yi tas, tas, tas, kamar an buɗe wuta.

Kafin in taka birki babu kowa a kan tabarmi. Takalma ko'ina, goro a watse, mata na ƙwala kiran 'ya'yansu. Wani na cewa, "Sun shigo, sun shigo." Ni kuwa ban san da ni ake ba, na ɗauka ɓarayin daji na bayana. Na yar da mashin na faɗa gonar dawa ina kalmar shahada (har ango na wuce a guje).

Mun daɗe kwance, ni da wani dattijo mai haki kamar zai cika. Can muka ji 'yan sa-kai suna tambaya, "Wa ad da mashin ɗin ga?" Nan na gane abin da na yi. Tsoron nan ya fi na farko, don na san makomar wanda aka zarga da yi wa ɓarayi jagora. Na fito hannuwa sama. Da abokina bai rantse ya san ni tun firamare ba, da wani ne ke ba ku labarin nan.

Dattijon, wanda ashe shi ne waliyyin amarya, ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ɗana, ashe kai munka guje ma, kuma har ka riga mu shiga dawa?"

A gabansu na kwance salansar, na tura mashin har bakin titi, kaina a ƙasa. Tun ranar, ko tari zan yi a garin mutane sai na fara yin sallama.