Rasuwar Gwaggo, Mai Muryar Yayana

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya daina zafi ya koma nauyi kawai, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa zama a falonmu rasuwar na'urar wasanmu ta hannu, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo saboda ta girme su duka. Ta cika ranar Talata da hantsi a hannun yayana, tana tsaka da aiki.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ina 'yar sakandare. Yaya ne ya kawo mini ita, ta riga ta sha duniya a hannun wasu, da tsagi a kusurwar allonta. A lokacin gyaran kwamfuta yake yi, kuma a kan tasa akwai wani tsohon wasan harbi, irin wanda kake bin lunguna da bindiga a gabanka dodanni suna ɓullowa. Kwamfutar ta aiki ce, an hana ni taɓa ta. Da na ishe shi da naci, sai ya ce zai sa mini wasan a cikin Gwaggo. Abokansa suka yi masa dariya, suka ce ba don wannan aka ƙera ta ba. Ya kwashe watanni a teburin cin abinci yana datse wasan, yana matse shi, Mama tana mitar an hana mutane wurin ajiye kwano, har ya shiga.

Sauti ne kaɗai ya ƙi. Ƙwaƙwalwar Gwaggo ba ta da wurin sautin asali, don haka Yaya ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa ya naɗi nasa. Murfin tukunya ya zama bindiga. Gurnanin dodanni shi ne, ƙarar buɗe ƙofa ma shi ne, da bakinsa. Idan ka tsinci magani, muryarsa ta ce, "To, da sauƙi." Idan ka tura bangon da ba ƙofa, ta ce, "Ke, babu hanya nan." Idan aka kashe ka, ta ce, "Tashi mana, ke, nan wurin kwana ne?"

Saboda ni aka yi wasan, Gwaggo ba ta san "kai" ba. Kowa "ke" ne a wurinta. Ta kira Baba da haka, ta kira mai gidan hayarmu da haka, ta kira wanda ya zo neman aurena da haka a gaban kowa, kuma bai yi fushi ba, abin da ya ƙara masa daraja a idon Mama. Ba ta da girman kai kuma ba ta gulma. Cajinta ba ya daɗewa, amma ba ta taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Ta faɗo daga kan firji, ta kwana a aljihun wandon da aka kusa jiƙawa, ba ta riƙe kowa a zuciya ba.

Waɗanda ba su daɗe da saninmu ba za su ce roba ce da wayoyi, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai shekarun baya Yaya ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi ba ta dawo ba. Mutum ne da ba ya aika saƙon murya, rubutu yake yi, kuma idan aka ɗaga waya za a ɗauki bidiyo sai ya bar wurin. Da muka bincika wayoyinmu, muka ga a duk gidan Gwaggo ce kaɗai ke da muryarsa. Tun daga nan ta koma ɗakinsa. Yana riƙe ta da hannun hagu, ba ya harbin kowa, sai ya je ya tsaya gaban bango a cikin wasan yana turawa, muryarsa tana ce masa, "Ke, babu hanya nan." Matarsa takan tsaya da tsintsiya a bakin ƙofa har sai ya gama. 'Yarsa, wadda ba ta yi wayo ba lokacin da ya faɗi, a nan ta san yadda ubanta yake magana.

Ciwon ajalinta ya fara da kumburi. Batir ya taso har murfin baya ya daina rufuwa, muka ɗaure shi da roba. Sai muryar ta fara shaƙewa. Ranar Talata ta ce "Ke, babu", allon ya yi fari, ya yi baƙi, shi ke nan. Yaya ya miƙo mini ita. Na kai ta wurin mai gyara da ƙwarin gwiwa, domin duk shekarun nan mun ɗauka wasan yana cikin katin ajiya da ke gefenta, har muna hana yara zare shi. Mai gyara ya buɗe katin ya ga ba komai sai alamar inda kowa ya tsaya a wasa. Ashe Yaya a cikin ƙwaƙwalwar Gwaggo ya sa wasan, ita kuwa ruwan batir ya cinye ta. Kwamfutar da aka haɗa wasan a kai ta riga Gwaggo gidan gaskiya tuntuni.

Ban yi kuka ba. Na dawo gida na wanke kwanuka, na shanya kaya. Ina jiran in ji wani abu, har yanzu bai zo ba.

Ta rasu ta bar caja guda, kati guda da ba shi da amfani, jakar da Mama ta ɗinka mata, da Yaya.

Za a yi mata sutura a jakar tata ranar Asabar da safe, a ajiye ta a durowar ƙasa ta kabad ɗin falo, kusa da tsofaffin makullai. Ba a buƙatar kujeru ko abinci. Wanda ya zo da addu'a, kada ya tsaya da ita a falo, ya wuce ɗakin Yaya da ke hannun dama. Abokan Yaya da waɗanda ya taɓa yi wa gyara kuma, muna roƙon ku duba tsofaffin wayoyinku kafin ku taho. Idan akwai inda ya yi magana daga gefe ana ɗaukar wani bidiyo, ko da sallama ce, ko tari, ku zo mana da muryar.

Sanarwa daga ƙanwarsa, a madadin iyali.