Sawun Inna Tani a Kan Toka

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na mai da kaina ɗan sandan ciki a Matankari ba. Zamanin Faransawa ne, ina sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko, gwauro, ba ni da abokin hira sai wani akwatin littattafan kisan kai da sata da wani Bature ya bari.

Abin da ya kama ni a cikinsu shi ne ba ka samun mutumin kirki tsantsa. Ɓarawon na da tausayi, mai bin sawunsa kuma na da nasa ɓoyayyen laifin. Na kan karanta ina gyaɗa kai, wai ni na fahimci ɗan Adam (shekarata ashirin fa).

Sai darekta ya yi ƙorafin hatsin rumbun lakwal na raguwa, ya ce duk wanda aka kama zai bar aiki. Na ce a bar mini. Da yamma na barbaɗa toka kewayen rumbu. Da safe ga sawu ɓaro-ɓaro, ƙafar hagu babu ƙaramin yatsa. Kowa ya san ƙafar Inna Tani ce, tsohuwar da ke dafa wa ɗalibai tuwo, wadda kullum da safe take kawo mini fura.

Mai hankali da ya same ta a keɓe. Ni kuwa na tara darekta da malamai a gindin gawo, na goya hannu a baya ina kai da kawowa, yadda ake yi a babin ƙarshe. Na nuna ta da yatsa.

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ce, ɗiyana. Amma hurar da kaka sha kullum da sahe, ka taɓa ganin gonata? Na gane ka babu mata, kana ta ramewa."

Darekta ya dubi cikina (na yi ƙiba kuwa), ya yi dariya har da hawaye. Ya ce in ya kori ɓarauniya, sai ya haɗa da rumbun da ta ɓoye kayan. Na ari jaki na kawo dami huɗu daga gonar babana a Dogon Dutsi, maganar ta mutu.

Washegari sai ga ƙwaryar fura a ƙofata, kuma har na bar garin ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ina kewarta. Har yau ina karanta littattafan nan, amma kafin in nuna wani da yatsa sai na fara tuna abin da na karya kumallo da shi.