Rasuwar Jan Zarena, Wanda Bai Taɓa Tsinkewa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da naman da ban ji daɗinsa ba, ni Kimotho wa Ndirangu na bakin kogin Gura nake sanar da 'yan'uwa, da 'yan cocinmu, da duk mai riƙe sandar fatsa, rasuwar jan zarena na siliki, wanda na yi shekaru ina ɗaura ƙudajen ƙarya da shi.

Ga waɗanda ba su san aikin marigayin ba: shi ne ke naɗe gashin zakara a jikin ƙugiya har ta koma kamar ƙwaro, domin a yaudari kifi. Ni ma ban taɓa ganin ƙwaro mai irin wannan kama ba, amma ba ni ake so a yaudara ba.

Na haɗu da shi a wani ɗan kanti a Nyeri, tun ina da gashi a ka. Na gwada zare iri-iri a ranar. Wani na ja ya tsinke, wani na jiƙa da yawu ya zubar da launi a leɓena, wani kaurinsa ya isa ɗaure maraƙi. Da na zo kan marigayin, na naɗa shi a yatsa na ja da ƙarfina. Yatsan ne ya sallama. Mai kanti ya ce, "Malam, in ka gama zubar da jini a kan kayana, sai ka biya." Har yau tabon yana nan.

Marigayin siriri ne, mai haƙuri, ba ya tara ƙulli a kan ƙugiya, ba ya tsoron ruwan sanyi. Ba shi da surutu. Abin da kawai na taɓa ji daga bakinsa shi ne "ƙii, ƙii" in yana warwarewa daga katakonsa, sai kuma "tsing" in an ja shi ya miƙe. Aibinsa ɗaya ne: bai taɓa tsinkewa ba, don haka duk ranar da na dawo gida hannu wofi, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Ajali ya same shi ranar da dangin saurayin 'yata Wangechi suka kawo awakin aure. An yanka akuya, an cusa nama a hanji za a gasa, sai aka rasa abin ɗaure bakin hanjin. Matata Nyokabi ta shiga ɗakina. Ina can waje ina yi wa baƙi bayanin Ciyaman, wato ƙaton kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ke zaune a gurbin ƙarƙashin gada, wanda kowa ya san saura kaɗan in kama shi tun kafin a yaye Wangechi. Ko da na shigo, katakon ya rage tsirara.

"Baban Wangechi, zare ne fa," in ji ta. "Da na yanka maka wuya ne sai ka yi wannan fuskar."

Amma marigayin bai tafi a wulaƙance ba. An miƙa wa Kawu Gachanja, babban kawun ango kuma mai magana da yawunsu, yanki mafi kyau. Ya ciza, ya ja. Zaren ya ja. Ya sake ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Muka ji "tsing", sannan muka ga haƙoransa na gaba, waɗanda ya sayo a Nairobi, suna lilo a bakin hanji. Wannan shi ne kamu mafi girma da marigayin ya yi a rayuwarsa, kuma ban kasance riƙe da sanda ba.

Kawu Gachanja ya rufe baki da hula ya ce, "Suruki, ka raba ni da nama. To, ba zan sa albarka a auren nan ba sai na ci wani abu mai laushi a gidanka. Kawo mini Ciyaman ɗin da ka cika mana kunne da shi." Mutumin da bai taɓa sa kifi a bakinsa ba ke nan. Wangechi ta dube ni, irin kallon da uwarta ke yi. Na ce an gama.

Marigayin ya bar almakashi, da guntun kakin zuma, da 'ya'ya masu yawa, wato ƙudajen da na ɗaura da shi, akasarinsu suna rataye a reshen itacen da ke bayan gada inda na jefa su bisa kuskure. Ya bar zakaran gidanmu mai sanƙon wuya, wanda shi kaɗai ne na ga yana yawo da fara'a tun ranar. Ya bar magaji, wani zare da Nyokabi ta sayo mini a kasuwa don ban haƙuri, wanda ke tsinkewa in aka yi tari kusa da shi. Ya kuma bar taƙi ɗaya na jikinsa, wanda na ciro daga toka, na wanke, na ɗaura ƙuda na ƙarshe da shi. Har yanzu yana ƙamshin akuya.

'Yan'uwa da abokai suna taruwa kullum da yamma a gidana. Akwai shayi. Ba a ambaton hanji.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ƙarƙashin gada, inda zan jefa ƙudan nan a gaban Ciyaman. In ya haɗiye, marigayin ya sami kabari na daraja, 'yata kuma ta sami miji. In ya maƙale a itace, ya koma cikin 'ya'yansa. Ana roƙon masu makoki kada su tsaya a bayana, kuma kowa ya rufe kunnuwansa da hula.

Kawu Gachanja ya ce zai zo ya gani da idonsa. Kwamitin jana'iza, wato Nyokabi, ya tanadar masa kujera a bayan babban dutse, inda ƙugiya ba ta kaiwa, ido ma ba ya kaiwa ga ruwa. Ita kuma za ta tsaya kusa da ni da kwando a rufe. Kada kowa ya tambayi abin da ke ciki, ko abin da ya kai ta wajen masu sayar da kifi. In ya motsa, a ɗaga murya da waƙa.