Rafin Da Na Juya Wa Hanya

Ba zan taɓa mantawa da aikina na farko da Bature ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa Lafia ba, ni kuwa ɗan fatake ne mai ɗan karatun ajami da baki kamar reza. Da aka ce ana neman wanda ya san ƙasa, sai na miƙe tsaye. (Ƙasar da na sani ba ta wuce daga gidanmu zuwa kasuwa ba.)

Baturen nan iyaka yake shatawa, kuma dabararsa mai sauƙi ce: duk rafin da ke gangarawa yamma ya zuba kogin Mada, ƙasarsa ta bi hakimin yamma, wanda ya yi gabas zuwa kogin Ankwe, ta bi hakimin gabas. Muka yi ta tafiya har gaban Ashige, muka iske wani rafi a bushe, sai yashi, ga fadama a gefensa. Dagacin ƙauyen, Baba Agbo, ya fito da sandarsa. Fadamar nan ita ke ciyar da mutanensa, su kuwa mutanen hakimin gabas ne.

Ta bakin tafinta Bature ya tambaye ni ina ruwan ke bi. Na dubi sama, na dubi ƙasa, na ga kamar yamma ta fi gangare. Na ce, "Mada, ranka ya daɗe."

Baba Agbo ya ce, "Malam, duba ciyawa fa. Duba inda ruwa ya kwantar da shi." Ya nuna yayi da ya maƙale a saiwoyin itatuwa, duk gefe guda. Ni kuwa na yi dariya (har yau ina jin dariyar nan a kunnena), na ce wa tafinta tsoho ne, ya rikice. Bature ya ja layi da jan alƙalami. Fadama ta koma hannun hakimin yamma, shi kuma ya raba wa mutanensa.

Da damina ta kankama tsohon ya kai kuka, aka sa mu koma. Dagatai biyu, dogarai, mata da goyo, kowa ya taru a bakin rafi, ni ina gaba da sabon rawani. Baba Agbo ya matso gaba. Ya jefa sakaina a ruwa. Ta yi ɗan juyi, ina addu'a a zuci, sai ta kama hanyar gabas abinta ba ko gaggawa. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Bature ya ɗaga kafaɗa, ya ce takarda ta riga ta tafi, ba a gyarawa. Tsohon ya juyo gare ni.

"To Malam, rubuta wa ruwan takarda shi ma, shi juya."

Kafin shekara ta zagayo rabin ƙauyen sun tashi neman wurin noma, Baba Agbo kuma ya rasu can a baƙuwar ƙasa. Wannan shi ke cin raina, ba kunyar ba.

Abin da na koya ɗaya ne, kuma mutane ne suka biya mini da gonakinsu: "ban sani ba" ma amsa ce. Yanzu ko buta aka tuntsurar a tsakar gida aka tambaye ni ina ruwan zai bi, cewa nake a jira a gani.