Yadda Za Ka Ci Tseren Kumoterki Kana Gaba da Matarka

Kai mai doki, mai mata, mai zuciya, matso kusa. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka ci tseren kumoterki na bikin hunturu ba tare da ka ce wa matarka uffan ba. Ba da ka nake magana ba. Linzami mai ƙararrawar tagulla da ke rataye a bangon ɗakina shi ne shaida, kuma duk ƙauyen nan na gindin duwatsun Tatra babu wanda bai san shekarar da na ciwo shi ba.

Na san matsalarka. Kakanninmu da suka ƙera kumoterki, ɗan amalanken nan marar taya, mai zamiya bisa ƙanƙara, ba su yi tunanin masu gaba da juna ba. Kai kana gaba riƙe da linzami, ita tana bayanka riƙe da ɗamararka, in an zo kwana ta rinjaya jikinta ciki don kada ku kife. Masu shirya biki kuma ba sa karɓar namiji shi kaɗai. Da maƙwabcina Klimek zan yi maka misali, wanda ni ne uban baftismar 'yarsa. Ya bi shawarata har ya kusa kaiwa, zan kuma nuna maka daidai inda ya ɓata rawarsa da tsalle.

Mataki na 1: Ka samo dalili, ka riƙe shi gam

Gaba marar tushe ba ta kai mako. Ta Klimek tana da tushe mai kyau. A tseren bara, a kwana ta ƙarshe, kumoterkinsu ya kife, matarsa Ludwina ta gangara cikin dusar ƙanƙara, siket ya rufe mata kai a gaban duk ƙauye da baƙi. Mai sanarwa ya miƙo wa Klimek lasifika ya tambaye shi me ya faru.

“Da buhun dankali na ɗora a baya,” in ji Klimek, “da yanzu linzamin yana hannuna.”

Aka yi dariya sosai. Ludwina ta karkaɗe jikinta, ta tafi gida a ƙasa. Shekara talatin da ɗaya da aurensu. Da Klimek ya dawo sai ya zauna yana jiran ta yi masa jaje, tunda shi ne ya rasa linzami. Ba ta yi ba, shi ma ya ja bakinsa ya tsuke. Ka lura da wannan: wanda ya yi laifi shi ya fi cancantar yin fushi, don shi ya fi kowa sanin girman abin da ya faru.

Mataki na 2: Ka nemi ɗan aike mai ƙafa huɗu

Gida ba ya tafiya babu saƙo. Amma kada ka aiki limamin coci, kada ka aiki suruka. Waɗannan in ka ba su kalma uku sai sun ƙara ta huɗu ta sulhu. Doki ba ya ƙari.

Bargar Klimek bango ɗaya ya raba ta da madafa, har da 'yar taga. Nan goɗiyarsa Baska ta zama gidan waya. Klimek zai tsaya yana taje mata gashi ya ce, “Baska, ki gaya wa masu gidan nan miyar kabejin yau ta cika tsami.” Daga madafa sai a amsa, “Baska, ki ce masa buhun dankali bai iya girki ba.” Haka suka yi shuka, haka suka yanka ciyawa, haka suka karɓi baƙin hawan dutse a ɗakunan sama duk tsawon rani, babu baƙon da ya gane. Wata 'yar birni ma ta rubuta a littafin baƙi cewa ba ta taɓa ganin masu son dabba irinsu ba.

Mataki na 3: Ka gwada buhun

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda kai ka ce buhu ya fi ta, sai ka tabbatar. Da ƙanƙara ta zauna a watan Janairu, Klimek ya ɗaure buhun dankali a kujerar baya ya fita fili. Kwana ta farko buhu ya yi waje, ya ja kumoterki suka kife tare. Ya sake ɗaurewa, suka sake kifewa. A karo na uku buhun ya fashe.

Yana durƙushe yana tsintar dankali, 'yan birni masu zamiya da katako a ƙafa suna wucewa suna ɗaukarsa hoto, sai abin ya faɗo masa a rai. Ashe duk kwanar da ya taɓa sha da gudu a shekara talatin, ba gwanintar hannunsa kaɗai ba ce. Akwai wadda ke bayansa tana sanin kwanar kafin shi, tana ba da jikinta ba a ce ta bayar ba. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi cikin wannan sanyin.

Kai ma za ta kama ka. Kada ka damu, irin wannan fahimtar kamar mura take. Ka sha shayi mai zafi, ka lulluɓa, cikin kwana biyu za ta sake ka.

Mataki na 4: In ka ga akwati, ka kau da kai

Saura mako biyu biki, 'yarsu Rozalka ta haihu a Chicago. Ludwina ta sanar da Baska cewa ranar Talatar bayan biki za ta tafi renon jika, na wata uku. Wata uku ba wani abu ba ne, rabin ƙauyen nan sun yi. Sai dai ta kwance kan keken ɗinkinta ta naɗe shi da bargo ta sa a akwati. Kashegari ta kwashe kajinta ta kai wa ƙanwarta.

Klimek ya same ni ina faskare. Ya kira ni da sunan da ake kiran uban baftisma a nan.

“Kumoter, ta ba da kajin.”

Na ce kaji ne fa.

“Har da mai kwanci.”

Ni da shi duk mun sani, macen da za ta dawo bayan wata uku maƙwabciya take roƙo ta riƙa watsa wa kajinta hatsi, ba ta bayar da su. Tsoro ya kama Klimek, na gaske, irin wanda ke sa namiji ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya tambaye ni ko ya yi mata magana. Na tuna masa wata goma sha ɗaya ya riga ya zuba a aikin nan, asara ce ya zubar saura kwana kaɗan. Na ce kada ma ya tambaye ta ko za ta hau ranar tsere. Ya goge kujerar baya kawai, ya shimfiɗa mata fatar tunkiya, ya bar kumoterki a inda za ta gani daga taga.

Mataki na 5: Ka kiyayi hawan dutse

Nan ne haɗari, don Baska ba ta hawa. Tun shekarar aurensu, duk Asabar ɗin jajibirin biki Klimek da Ludwina sukan hau zuwa ƙaramin ɗakin ibadar da ke kan tsauni su kunna kyandir. Bana ma da safe kowa ya ɗaura takalminsa, babu wanda ya kalli wani.

Ƙanƙara ta kai gwiwa. Klimek ya shiga gaba yana fasa hanya, yana taƙaita taku don sawunsa ya yi daidai da ƙafarta. Wannan ya halatta, ƙafa ba baki ba ce. A hanya ya gaida mutum ya fi arba'in da “Allah ya taimaka”, har da wani Bajamushe da ya ɓata hanya. Wadda ke bayansa tana haki ita kaɗai ba ta samu ba.

Da suka kai sama suka kunna kyandir, Ludwina ta ciro cukun tumaki mai hayaƙi ta raba biyu. Ta aje rabi bisa dutse. Ba shi ta ba ba, dutse ta ba. Shi kuma daga hannun dutse ya karɓa. Suna ci suna kallon ƙauye a ƙasa, ga rufin gidansu, ga akurki babu komai a ciki. Klimek ya haɗiye cuku, ya juyo, har ya buɗe baki. Allah ya kawo wasu baƙi shida suka roƙe shi ya ɗauke su hoto, kafin ya gama ta fara sauka. Kai kada ka dogara da irin wannan sa'ar. Ka cika bakinka da cuku har ku sauko.

Mataki na 6: Ranar biki, ka dubi gabanka

Ka sa farin wandon ulu mai aiki, ka ɗaura faffaɗar ɗamarar fata, ka kafa hula. Za ta fito, kada ka yi shakka. Mace tana iya barin miji, amma ba ta bari a ce tsoron kwana ya hana ta hawa. Ludwina ta fito da siket mai furanni da murjanin uwarta a wuya, ta wuce masu goge da masu gasa cuku, ta zauna bisa fatar tunkiya.

Klimek ya jira ya ji hannuwanta a ɗamara kamar kullum. Bai ji ba. Ya saci kallo, sai ya ga katakon gefen kujera ta kama, da safar hannu ta ulu. Ba za ta taɓa shi ba ko a tsere.

Mataki na 7: A kwana ta ƙarshe, ka ƙara wuta

Ga inda aiki yake. Baska ta tashi da gudun da ba ta taɓa yi ba. Kwana ta farko Ludwina ta ba da jiki daidai, ta biyu ma haka. Mai sanarwa yana faɗin lokaci, babu wanda ya kama ƙafarsu. Saura kwanar bara, wadda rana ta narkar da ƙanƙararta da safe, sanyi ya sake daskarar da ita ta zama kamar madubi.

Abin da ake bukata ƙarami ne: ka saki linzami, ka dubi kunnuwan doki. Klimek sai ya waiga. Ludwina ta rinjaya har bakin gyalenta yana share ƙasa, fiye da yadda mace mai shekara hamsin da takwas ya kamata, ulu kuma yana sulɓewa bisa katako. Hannu ɗaya ya riga ya saki. Ya san in ya ƙara gudu watakila ɗayan ya riƙe, ya ci. Ya ja linzami da duka ƙarfinsa.

“Ludwina, kama ɗamarar!”

Duk fili an ji. Ta kama. Suka sha kwanar da gudun masu kai jariri coci, suka zo na huɗu.

Da Baska ta tsaya tana huci, Ludwina ta yi masa maganarta ta farko a shekara guda.

“Wa ya ce ka rage gudu, tsoho?”

“Hannunki na gani.”

“Ina ruwanka da hannuna? Kai doki aka ba ka.”

Mai sanarwa, wanda bai san ta ido ba, ya sake miƙo lasifika ya tambayi Klimek ko bana ma buhu ya fi. Klimek ya cire hula. Ya ce ya gwada buhun, sau uku yana kayar da shi, kuma shi ne jakin da ya faɗi waccan maganar, a nan ya faɗa, a nan yake janyewa. Aka yi dariya. Ludwina ba ta yi ba, amma na lura har suka fita fili ba ta saki ɗamarar ba.

Ka ga asara. Linzami ya tafi wani ƙauye, aikin shekara guda ya bi ruwa. Ranar Litinin Ludwina ta je ta ƙwato kajinta, har suka yi cacar baki da ƙanwarta a kan mai kwancin. Ranar Talata ta tafi Chicago, Klimek ya ɗaukar mata akwati zuwa tasha, suna musu a kan kwanar tun daga ƙofar gida. Kan keken ɗinki ya koma mazauninsa. Wata uku cif ta dawo, kuma tun daga ranar hayaniyarsu ta hana ni jin rediyo.

A kula

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da ya biyo baya: karaya, kifewa, miya mai sanyi, akurki babu kaji. Nasara na yi maka alkawari, kuma hanyar tana aiki, don ni na bi ta har ƙarshe. A shekarata, matata Tekla ma katako ta kama. Ban waiga ba, hannunta ya riƙe, muka ci da tazara. Shekara tara ke nan tana Chicago, har yau ban ce mata uffan ba, ita ma ba ta ce ba. Dokin da ke kai mana saƙo ya mutu bara.

Linzamin yana nan, duk Asabar nake goge shi. In kana son gani ka zo kowace rana, kullum ina gida. Ka zauna ka sha shayi, kada ka yi saurin tafiya.