Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da ya hana shi cin abincin rana, Injiniyan ofishinmu na zanen taswira yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutar ajiya, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin teburinsa, inda ta shekara goma sha ɗaya tana hidima, ana ɗora mata ƙafa.

Sababbin ma'aikata ba su san zamanin da ya gabace ta ba. A lokacin, duk kwamfutar da ke son manhaja sai ta tafi intanet da kanta, a kan layin da saƙon gaisuwa ma sai ya huta sau biyu kafin ya isa. Injiniya ne ya tsinto marigayiya a sito, ya kakkaɓe ta, ya ware ɗaki guda a cikinta. Ya sauko da kowace manhaja sau ɗaya tak, ya jera, ya rubuta sunayensu, sannan ya bi kwamfutoci talatin ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu ƙofarta. Tun daga ranar, mai buƙata Gwaggo yake tambaya. Ba ta taɓa cewa a dawo gobe ba, halin da ya sa ta zama bare a ofishin.

Mai riƙe sirri ce. Shekara shida hotunan bikin ƙanwar Sakatare suna wurinta da sunan rahoton ƙarshen shekara, ko firinta ba ta faɗa wa ba.

Ciwon ajalin ya fara wata huɗu da suka wuce, da wani ɗan tari: ƙyas, ƙyas, ƙyas. Injiniya ya saurara, ya ce tsufa ne, ya shimfiɗa mata kwali don kada ƙarar ta dami jama'a. Ƙarar kuwa ta ragu ƙwarai. Ranar Talata kwamfutocin talatin suka taso mata gaba ɗaya neman sabuntawa. Ta sallami bakwai, ta ce fiiii, ta yi shiru.

Ta bar kwamfutoci talatin, waɗanda har yau suke ƙwanƙwasa mata ƙofa kowace safiya, da firinta biyu, ɗaya ba ta magana da kowa. Ta kuma bar babbar na'urar buga taswira, wadda ita ce abin tausayi. Manhajar da ke tafiyar da ita a cikin Gwaggo kaɗai take, domin kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Ranar Litinin ne wanda ya ba mu aiki zai zo karɓar taswira arba'in.

Wasu za su tuna cewa bara Manaja ya tambaya a taro ko akwai kwafin abin da ke cikin marigayiya. Injiniya ya ce akwai har uku, aka yaba masa a gaban kowa. Masu makoki suna so a sani bai yi ƙarya ba. Kwafi uku ne cur, kowanne da kwanan watansa. Ya adana su ne a wurin da ya fi amincewa da shi a duk ginin, wato a cikin Gwaggo.

Za a kai gawar shagon mai gyara da ke bayan tasha gobe da ƙarfe goma. Zai buɗe cikinta ya ga ko ta bar wani abu, ko da yake ya ce kada a sa rai. Idan bai samu komai ba, za a miƙa ta ga 'yan gwangwan da yamma. Ana karɓar ta'aziyya a ofishin Injiniya, ana kuma roƙon masu zuwa su bar shawara a waje, ta riga ta isa.

Manaja zai dawo daga tafiya ranar Alhamis, kuma har yanzu ba a sanar da shi ba. Injiniya ya ce ba ya son ya cinye ladan wannan aiki shi kaɗai, don haka ya liƙa takarda a ƙofa, mai niyya ya sa sunansa. An ɗaure biro a jikinta, sabo ne, yana rubutu.